Bijimin Iware a Leya Ɗaya

Tebur biyu ne a shagon Lawali na unguwar Turaki, amma mutum ɗaya ke zama a ciki. Na biyun na Noah ne, abokin sana'arsa, wanda wani kamfanin talla ya ɗauke ya kai Abuja shekarun baya. Lawali bai fitar da teburin ba. Ya ɗora masa butar shayi da tarin takardu, wai don kada a ce wani yake jira.

Sana'arsu irin wadda in ka faɗa wa dattijo sai ya gyaɗa kai kawai ya ce Allah ya taimaka. Lawali zane yake yi a kwamfuta, irin wanda suke kira bekta, wato zanen layuka da siffofi, wanda ko ka ja shi ya kai faɗin bangon gida ba zai dushe ba. Noah kuma shi ke sa zanen motsi: mutum ya ɗaga hannu, mota ta wuce, rubutu ya taso ya zauna a wurinsa, kamar dai yadda ake gani a tallan talabijin. Manhajar zane daban, manhajar motsi daban, kuma duk rigimar tana wajen ƙetarar da zanen daga wannan zuwa waccan.

Ƙa'idar ba ta da wuyar faɗa. Duk abin da zai motsa sai a ware shi a shimfiɗarsa, leya kenan a bakin masu sana'ar. Hannu da leyarsa, kai da tasa, ido ma haka. Sannan abin da ya ɓuya a bayan wani abu, shi ma dole a zana shi cikakke, don da hannu ya ɗaga, wurin da ya rufe zai fito fili. To, Lawali Allah ya ba shi hannu, amma bai ba shi haƙurin wannan ba. In zane ya kama shi sai ya yi ta zuba komai a leya ɗaya, kamar mai cusa kaya a buhu, ya kwafe a filashi ya miƙa wa Noah yana murmushin wanda ya gama aiki.

Ba a ɗaukar lokaci sai ka ji muryar Noah.

"Kai, Bakatsine! Zo ka ga abin da ka yi."

Bakatsine yake ce masa saboda kakannin Lawali daga can suka zo, ko da yake shi Lawalin a Jalingo aka yanke masa cibi. Shi kuma Lawali, Nuhu yake kiransa, ya ƙi Noah ɗin ƙememe. Noah ɗan Mumuye ne, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Wannan mata mai doya, na ɗaga hannunshi, ƙirjinshi babu. Rami ne! Ka taɓa ganin mutum da rami a ƙirji?"

"Ai hannun ne ya rufe wurin, Nuhu. Me zan zana a inda ba a gani?"

"To yanzu ba ana gani ba?"

Daga nan sai su haɗu a gaban kwamfuta ɗaya, wannan na yankawa, wancan na cike ramin, suna musu. Wani lokaci launin da Lawali ya sha wahala ya narkar daga ja zuwa ruwan ɗorawa ya isa wancan ɓangaren ya zama baƙi ƙirin, Noah ya dafe kai, Lawali ya rantse ba laifinsa ba ne. Ana cikin haka Mama Talatu, mai abincin da rumfarta ke jikin shagon, za ta shigo da doya da miya a kwano ɗaya, ta ce in sun gama faɗan su ci. Aikin da ya kamata a gama kafin azahar sai ya kai la'asar, amma ba wanda ya taɓa jin haushin haka a cikinsu.

Da Noah ya koma Abuja bai yar da abokinsa ba. Ya shawo kan kamfanin suka riƙa ba Lawali zane daga nan Jalingo, yana turawa ta intanet. Hali kuwa bai canza ba, saboda haka kira ma bai tsaya ba. Duk ranar da fayil ya tafi, waya za ta yi ƙara.

"Sobajo," haka Noah ke farawa, da kalmar Fulatancin da ke nufin aboki, "kai ba ka jin magana? Tayan keke da jikin keke ka haɗa su wuri ɗaya. Yaya zai juya?"

Lawali sai ya sa wayar a sifika ya jingina ta da buta, yana gyara suna hira. Faɗan bai wuce ɗan lokaci. Sauran kuwa labarin gari ne: kogin Lamurde ya cika har ya shiga gonaki, wane ya yi aure, wane ya bar sana'a ya sayi keke, mai gidan Noah na Abuja ba shi da kirki. Har Mama Talatu takan leƙo ta sunkuya kan wayar ta yi ta ihu, don ita ba ta yarda ana jin ta daga nesa haka ba.

A faɗi gaskiya, wannan kiran shi ne hirar Lawali a duniya. Tun da mahaifiyarsa ta rasu, ƙannensa mata suka yi aure ɗaya Gombe ɗaya Yola, shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki a Nukkai. Ana gaisawa da shi a masallaci, ana gaisawa a layi, masu son katin biki da fosta suna shigowa shago su fita. Amma wanda zai zauna ya saurare shi, ya san abin da yake yi, ya zage shi a kai har su yi dariya, Noah ne kaɗai.

Sai wata rana kiran ya zo ba wasa a ciki.

"Sobajo, abeg ka taimake ni. Madam Victoria ya fara magana." Victoria ita ce mai raba ayyuka a kamfanin. "Ya ce fayil ɗinka yana cin lokaci. An sa mana wani filogin, ƙari ne a kan manhaja, in leya ya zo a shirye, dannawa ɗaya zane ya ƙetare. Amma naka kullum sai na zauna. Ni suke gani, ba kai ba."

Maganar ta shige shi. Shekara da shekaru Noah na masa faɗa bai ji ba, amma da ya ji abokinsa ke shan kunya a gaban mutane saboda shi, sai ya ɗaura ɗamara. Ya koyi ware komai. Ya koyi sa wa kowace leya suna, ya daina barin su a Leya kaza da Leya kaza. Ya koyi zana hammata da bayan kunne da duk wani lungu da ido bai gani. Launukan da ke lalacewa a hanya ya daina amfani da su, ya samo yadda zai yi inuwa da siffofi zalla. Mutumin da a da fayil ɗinsa ke kama da ɗakin gwauro, yanzu in ka buɗe sai ka ce kantin magani.

Fayil na farko da ya tura a haka, Noah ya kira yana ihu, ya ce lallai Bakatsine ya shiryu. Na biyu ya turo saƙo, ya ce aiki ya yi. Daga na uku sai hoton babban yatsa kawai.

Da farko Lawali daɗi ya ji. Sai da aka kwana biyu ya fahimci abin da ya yi wa kansa. Ya gyara aiki, ya kashe dalilin kira. Wayar tana nan jingine da buta, in ta yi ƙara to mai fosta ne, ko kamfanin layi da tallansu.

Za ka ce to shi me ya hana shi kira? Ai ya gwada. Ya kira wata Asabar da hantsi, ya shirya zai ce kawai gaisuwa ce.

"Sobajo! Lafiya? Fayil ya samu matsala?"

"A'a, lafiya lau."

"An turo maka sabon aiki ne?"

"A'a. Na ce dai bari in ji ya kake."

"Ah, muna nan. Aiki kawai. Kai fa?"

"Alhamdulillahi."

Duk tsawon zamansu ba su taɓa fara hira daga gaisuwa ba, kullum daga faɗa take tasowa, yanzu kuma babu abin faɗa. Noah ya ce to sai sun yi magana, Lawali ya ce to. Da ya ajiye wayar kunya ta rufe shi, kamar wanda ya je roƙo aka gane shi. Bai sake gwadawa ba.

Ana nan, sai Victoria ta turo wani aiki. Wata ƙungiya ce ke son ɗan bidiyo na wayar da kan makiyaya game da rigakafin shanu, kuma ana son bijimi ya yi tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, ya tsaya, ya kaɗa kunne. An haɗo masa hotunan wasu shanu na ƙasar waje, gajeru masu ƙiba, ba tozo ba ƙaho. Lawali ya yi tsaki. Wane Bafulatani ne zai kalli wannan ya ce sa ne? Ranar kasuwa ya rufe shago ya hau mota zuwa Iware, inda babbar kasuwar shanu take.

Wuni ya yi a kara, cikin rana da ƙuda, yana bin wani farin bijimi mai manyan ƙahoni. Ya kalli yadda tozonsa ke rawa in ya taka, yadda fatar wuyansa ke lilo, yadda ƙafar baya ke sauka kusan a sawun ta gaba. Mai bijimin ya zaci dillali ne, ya yi ta yabon dabbarsa, da ya gane zane kawai ake yi sai ya juya masa baya. Lawali bai damu ba. Rabon da ya ji daɗin wani abu haka har ya manta. Abu ɗaya ne ya rage masa daɗin: a hanyar dawowa ya ciro waya zai ba da labarin mai bijimin, ya rasa wanda zai ba.

Zanen ya fito yadda bai taɓa yin irinsa ba. Ya ware kai, wuya, tozo, kunnuwa, jela gaɓa-gaɓa, kowace ƙafa cinya daban ƙwauri daban kofato daban. Ƙafafun can ɓangaren, waɗanda ciki ya rufe samansu, ya zana su har sama. In Noah ya buɗe, dannawa ɗaya ce bijimi ya ƙetare.

Yana zaune yana kallon aikinsa bayan azahar, bai tura ba tukuna, sai Mama Talatu ta shigo da abinci. Ta ajiye, ta tsaya tana goge hannu da zaninta.

"Yarona, kai da Noah kun yi faɗa ne?"

"Faɗan me, Mama?"

"To ya daina kira. Da kullum kuna surutu, yanzu shago ya yi shiru kamar ba mutum. Ko ya yi kuɗi ya manta mu?"

"Aiki ne ya yi masa yawa."

"Hmm," in ji ta, ta ɗauki kwanon jiya ta fita.

Lawali bai taɓa abincin ba. Kewar abokinsa ta taso masa. Ya daɗe yana kallon jerin leyoyin nan masu tsabta, kowace da sunanta, sai ya ji ya tsane su. Ya adana kwafi guda a gefe, don haukan nasa bai kai can ba. Sannan ya koma kan ɗayan, ya goge saman ƙafafun da ciki ya rufe, ya goge wuyan da ke ƙarƙashin kai, ya zaɓi komai ya haɗe a leya ɗaya. Bijimin na nan da kyansa a ido, amma duk wanda ya ce zai ɗaga masa ƙafa zai gamu da rami. Ya tura kafin hankalinsa ya dawo.

Babban mutum da gemunsa, sai ga shi yana zumuɗi. Ya sa waya a caji ko da yake ba ta yi ƙasa ba. Ya gwada sifika. Ya fara jera labaran da ya tara: mai bijimin Iware, Caroline 'yar Mama Talatu da ta haifi tagwaye, sabon shagon buga fosta da aka buɗe a bakin titi waɗanda ba su san bambancin ja da ruwan hoda ba. Har amsar da zai bayar ya tanada. In Noah ya ce ƙafa ba ta da sama, zai ce ai ciki ne ya rufe, ya bar shi ya yi ta kumfar baki.

Wayar ta yi ƙara kafin la'asar, ya kai mata hannu har ya ture buta. Wata mata ce ke tambaya ko katin sunan da ta bayar ya fito. Ya amsa mata a daƙile, baiwar Allah ba ta san laifinta ba. Ya tafi masallaci da wayar a aljihun gaba, ya idar da salla bai san surar da ya karanta ba. Har ya rufe shago ya hau keke zuwa Nukkai ba kira.

Washegari ya ce ai jiya ƙila bai buɗe ba. Ya duba, alama ta nuna an sauke fayil ɗin tun jiyan. Sai tsoro ya maye gurbin zumuɗi. In fa Victoria ce ta fara buɗewa? In fa ya ja wa Noah abin da ya roƙe shi kada ya ja masa? Ya buɗe kwafin mai kyau, ya kai hannu zai tura ya ce kuskure aka yi, sai ya fasa. In ya tura, shi ke nan, babban yatsa zai samu. Ya gwammace ya ji muryar Noah ko da cikin fushi na gaske ne.

Kwana biyu yana cikin wannan hali. Rana ta uku da hantsi wayar ta yi ɗan ƙaran shigowar saƙo, ba na kira ba. Abu biyu ne daga Noah, bidiyo da saƙon murya.

Bidiyon ya fara buɗewa. Ga bijiminsa yana tafiya, tozo na rawa, jela na kaɗawa, ya tsaya ya karkaɗa kunne. Ba rami ko ɗaya. Wani ya cike saman ƙafafun, cinyar baya ta ɗan fi ta bijimin Iware siranta, amma in ba Lawali ba babu mai lura. Aiki ya yi kyau, ba abin da za a ce.

Ya jingina wayar, ya danna saƙon muryar.

"Sobajo, jam na, lafiya dai? Na ga bijiminka, wallahi ya yi kyau, Madam ma ya yaba. Ya zo a manne kamar zamanin da, na yi dariya, na ce Bakatsine ya gaji. Amma kar ka damu ko kaɗan. Akwai wani sabon abu da muka samu, shi yana raba zane da kanshi, ƙafan da babu na ƙara, bai ci mini lokaci ba. So daga yau ka daina wahalar da kanka, ka turo duk yadda ka ga dama. Ba sai na dame ka da kira ba, na san kai ma kana busy. Useko, na gode, my guy."

Babu fushi a ciki ko ɗigo. Kirki ne zalla, Noah na ganin ya sauke wa abokinsa nauyi. Abin da ya fi ci wa Lawali rai kenan, don ba shi da wanda zai ji haushi. In ya gyara ba a kira, in ya ɓata ma ba a kira, kuma bai san wata hanya ta uku ba. Ya rubuta "To madalla, na gode," ya tura. Babban yatsa ya dawo nan take.

Waje keke na wucewa, wani na cinikin rake. Can ya kai hannu ya sake kunna saƙon, ba don bai ji abin da aka ce ba, don dai muryar. Ya ƙara sauti har ƙarshe, Noah ya cika shagon da Hausarsa ta kasuwa.

Daga rumfa sai ga muryar Mama Talatu, cike da murna, tana buga ludayi a bakin tukunya.

"Noah ne? Ya kira? Ai na san zai kira! Ka gaishe shi, ka ce mishi Caroline ya haifi biyu!"

Saƙon ya riga ya ƙare, fuskar wayar ta yi duhu. Lawali ya share maƙogwaro, ya sunkuya kanta, ya ɗaga murya yadda Mama za ta ji.

"Nuhu, Mama na gaishe ka. Ta ce Caroline ta haifi tagwaye."

"Me ya ce?" in ji Mama Talatu.

"Ya ce yana amsawa," in ji Lawali.